KARATUN RANI: WATA GUDA TARE DA LITTATTAFAI

   Da fatan an gama shigar da amfanin gona lafiya, rumbuna kuma sun cika. Wanda nasa bai cika ba kada ya karai, gama Allah mai ciyar da tsuntsaye bai manta da shi ba.

Nassinmu na yau yana cikin wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura 4, daga aya 9 zuwa 13. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki a kusa ya buɗe ya duba. A wannan lokaci manzo Bulus ya tsufa, yana ɗaure a Roma, ya kuma san lokacin tashinsa ya yi kusa. Dimas ya yashe shi saboda ƙaunar duniya, sauran abokan aiki sun tafi wurare dabam dabam, Luka kaɗai ya rage a wurinsa. Sai ya aika wa Timoti ya yi hanzari ya zo tare da Markus, ya kuma riƙo masa rigar sanyin da ya bari a Taruwasa wurin Karbus, da littattafai, musamman waɗanda aka rubuta a kan fata.

Zancen rigar sanyi kam mun gane shi, mu da hunturu bai gama sakinmu ba. Amma littattafai fa? Mutumin da ya sadu da Ubangiji a hanyar Dimashƙu, ya yi shekara wajen talatin yana wa'azi, ya kafa ikkilisiyoyi daga wannan gari zuwa wancan, ga shi a bakin kabari yana neman abin karantawa. In Bulus bai ƙoshi da karatu ba, wane ne a cikinmu zai ce shi ya ƙoshi?

GONAR DA BA TA HUTAWA

Ku da kuke noma a arewacin Kano kun san irin ƙasarmu. Gona tana manne da gona, gida yana hango gida, babu wani daji da ya rage da za a ce a bar wannan gona ta huta a je a sari sabuwa. Gonar da kakanninmu suka noma ita muke nomawa, kowace shekara gero da dawa da wake da gyaɗa. Abin da yake riƙe da ita shi ne taki. Shi ya sa da rani za ka ga jakuna da mangala, da amalanken shanu, ana kai kashin awaki da toka da sharar gida, ana jibge su tsibi tsibi a gona tun ba a ga ko hadari ba. Wanda ya kwanta da rani bai kai taki ba, da damina wuta-wuta ce za ta gaishe shi. Ku dubi kuma itacen gawo. Lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, shi a lokacin yake yin ganye, in ruwa ya sauka sai ya zubar da shi ƙasa, geron da yake ƙarƙashinsa kuwa ya fi na ko'ina kyau.

Zuciyar mutum ma gona ce da ba ta hutawa. Kullum ana ɗiba daga cikinta: a ba yaro amsa, a ba maƙwabci shawara, a yi haƙuri da wanda ya yi mana laifi, a tsaya a kan bangaskiya sa'ad da ake yi mana ba'a. In ana ɗiba ba a zubawa, rana tana nan da za a nema a rasa. Karatu yana cikin takin da Allah ya ba mu, lokacin kai shi kuwa yanzu ne, da aikin gona ya yi sauƙi, dare kuma ya yi tsawo.

Saboda haka a watan Janairu muka ɗaukar wa kanmu wani ɗan aiki. Watan yana da kwana 31, littafin Karin Magana kuma yana da sura 31. Kowace safiya muka karanta sura guda bisa ga kwanan wata. Kowane dare kuma, bayan an ci tuwo, muka ɗauki wani littafi dabam muka karanta da ƙarfi wajen rabin sa'a, yara da manya suna ji. Abin da muka samu a ciki shi muke so mu raba da ku yau.

KO YA HALATTA MAI BI YA KARANTA LABARIN DA AKA ƘAGA?

Mun san wani zai ce, "To, ai labarin ƙage ƙarya ne. Mai tatsuniya da kansa in ya gama yakan ce ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Me ya haɗa Kirista da wannan? Littafi Mai Tsarki bai isa ba?" Tambayar tana da kyau, amsarta kuma tana cikin Littafi Mai Tsarkin kansa.

Sa'ad da sarki Dawuda ya ɗauki matar Uriya ya kuma sa aka kashe mijin, Allah ya aiki annabi Natan. Natan bai fara da zargi ba. Labari ya ba shi, na wani mai arziki mai garkuna da yawa wanda ya ƙwace 'yar tunkiya guda ta wani matalauci ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya husata ya yanke wa mutumin hukunci, daga nan ne annabi ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Wannan yana cikin 2 Sama'ila sura 12. A Littafin Mahukunta sura 9, Yotam ya ba mutanen Shekem labarin itatuwa da suka fita neman sarki har suka naɗa ƙaya. Ubangijinmu Yesu kuwa da misalai ya yi yawancin koyarwarsa: mai shuka, da ɗan da ya ɓata gādonsa, da Basamariye mai tausayi. Ƙarya ita ce a faɗi abin da ba haka ba domin a ruɗi mutum. Labarin da kowa ya san shirya shi aka yi domin a gane gaskiya, wannan misali ne.

Game da littattafan waɗanda ba masu bi ba kuwa, Ayyukan Manzanni 7:22 ya shaida an koya wa Musa dukan ilimin Masarawa. Daniyel da abokansa uku sun koyi harshe da littattafan Kaldiyawa a Babila, ba su kuwa ƙazantar da kansu ba. Bulus da ya tsaya a gaban mutanen Atina ya kawo maganar mawaƙansu, alama ce ya san abin da suka rubuta. Abin da Nassi ya umarta, a 1 Tasalonikawa 5:21, shi ne mu gwada kome mu riƙe mai kyau. Mai sayen hatsi a kasuwar Bichi ba ya ƙin hatsi don bai san gonar da aka noma shi ba. Yakan damƙa ya duba, ya sa a tiya ya auna. Tiyarmu ita ce Maganar Allah.

MAKO NA FARI: LITTAFIN YARA

Mun fara da Magana Jari Ce, na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 1981. Littattafai uku ne, sun fito tsakanin 1937 da 1939, yawancin waɗanda suka yi firamare a dā kuma sun san su. Imam ya tattaro labaru daga ƙasashen Larabawa da Indiya da Turai ya sa musu rigar Hausa, har mai karatu ya ɗauka a bayan gidansu abin ya faru.

A littafi na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana da mugun nufi a kan yaron, yana jiran ya fito daga fada. Kowane dare Musa yakan shirya zai bi sawun mayaƙa, sai wani aku ya tsare shi da labari, daga wannan ya shiga wancan, har gari ya waye. Da haka aka yi ta yi har sarki ya komo, yaro ya tsira.

Ku iyaye, ku lura da wannan. Aku ba shi da takobi, ba shi da kwaɗon kulle ƙofa. Da labari ya riƙe yaro a gida har hatsari ya wuce. Mu fa, da me muke riƙe namu? Da magariba ta yi, samari sun tafi gindin shago inda ake cajin waya, sun haɗa kai a kan abin da ba mu san ko mene ne ba. Mukan yi tsawa, mukan ɗauki tsumagiya, gobe kuma su koma. Maimaitawar Shari'a sura 6 ta umarci iyaye su riƙa yi wa 'ya'yansu zancen maganar Allah a zaune a gida, da a kan hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Wato gida ya zama wurin hira. Yaron da ya saba jin muryar babansa tana karanta masa labari mai daɗi, ba zai gudu ba ranar da muryar nan ta buɗe Bisharar Luka.

Mun kuma karanta labarin Kalala da Kalalatu, inda matar ta cinye kajin da aka soya domin baƙo, sa'an nan ta tsorata baƙon har ya sheƙa da gudu, ta ce wa mijinta ai baƙo ne ya gudu da kajin. Yara suka yi dariya har da hawaye, mu ma muka yi. Da aka natsu sai muka tambaye su, "Kalalatu ta kyauta?" Aka yi ta gardama, waɗansu suka ce ai wayo ne. A ranar 6 ga wata kuwa mun karanta Karin Magana sura 6, inda aka lissafa abubuwa bakwai da Ubangiji yake ƙi, harshe mai ƙarya yana cikinsu. Sai yaran da kansu suka haɗa biyun. Da a ce mun tara su mun yi musu wa'azi a kan ƙarya, da rabinsu sun yi barci.

MAKO NA BIYU: HAƘURI DA RAMUWA

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labaru da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Idon Matambayi, Shaihu Umar da Jiki Magayi. Mun ɗauki biyun ƙarshe, gama gajeru ne, kowanne dare uku ko huɗu ya ishe shi.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a Janairun 1966. Labarin yaro ne da aka sace a zamanin bauta, ya bi ta hannu dabam dabam har Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi, ya rene shi kamar ɗansa, ya zama babban malami. Uwarsa kuwa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, ta sha wuya ƙasa ƙasa, ba ta gan shi ba sai dab da mutuwarta. A daren da muka kai wurin nan, ɗaki ya yi tsit. Tsofaffi suka tuna abin da kakanninsu suka ba su labari na harin bayi a ƙauyukan ƙasar nan. Marubucin Musulmi ne, haƙurin da ya nuna a cikin littafin kuma abin girmamawa ne. Mu kuwa ya tura mu zuwa Farawa sura 37 har zuwa 50, ga Yusufu wanda 'yan'uwansa suka sayar. A can muka ga abin da ya ɗara jimrewa kawai: Yusufu ya gane cewa muguntar da aka nufe shi da ita Allah ya juya ta domin ceton rayuka da yawa, saboda haka ya iya gafarta wa waɗanda suka sayar da shi, ya kuma ciyar da su.

Jiki Magayi kuwa John Tafida ne ya rubuta tare da Rupert East. John Tafida Kirista ne na Wusasa. Yana da kyau matasanmu su sani cewa tun farkon rubutun labaru da Hausar boko akwai hannun mai bi a ciki. Labarin wani saurayi ne, Abubakar, wanda wani attajiri ya ƙwace masa budurwarsa Zainabu da ƙarfin dukiya. Abubakar ya rantse sai ya rama. Ya bar gida da sana'a, ya shiga duniya neman asiri, ya sha azaba iri iri har ya samu. Asirin ya faɗa a kan Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa wa attajirin. Yaro ya lalace ya zama ɓarawo, a ƙarshe ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Abubakar ya rama, amma bai sami Zainabu ba, bai sami kwanciyar rai ba, ƙuruciyarsa kuma ta tafi a banza.

'Yan'uwa, wannan labari bai yi nisa da mu ba. A inda gonaki suke a matse, taku biyu na iyakar gona ya isa ya raba wa da ƙane shekara ashirin. Akwai wanda aka hana shi gādo don ya bi Yesu. Akwai wanda aka fasa ba shi mata bayan ya gama wahala. In abin ya yi zafi, Shaiɗan yakan raɗa wa mutum cewa akwai wani boka a ƙauye kaza. Ranar 14 ga wata muka karanta Karin Magana 14, wadda ta yi gargaɗi a kan hanyar da mutum yake gani daidai ce alhali ƙarshenta mutuwa. Romawa 12:19 kuma ta ce mu bar wa Allah ramuwa. Mun daɗe da sanin ayoyin nan. Amma da muka bi Abubakar dare huɗu muka ga yadda ƙiyayya ta cinye shi tun kafin ta taɓa maƙiyinsa, sai ayoyin suka sauka daga ka zuwa zuciya.

MAKO NA UKU: LITTAFIN KASUWA

Tun daga wajen 1985 littattafan da ake kira na soyayya suka cika kasuwannin Kano, yau kuma da yawansu a waya ake karanta su. Iyaye da yawa suna jin tsoronsu, suna kuwa da dalili. Akwai waɗanda ba abin da suke koya wa yarinya sai raina gidan ubanta, da mafarkin mai mota da gidan bene, har ta ga saurayi manomi mai tsoron Allah ba a bakin kome yake ba. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Mun karanta Alhaki Kuykuyo Ne, na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa mai suna Alhaji Abdu. Yana da hali, amma ya bar ta da ɗawainiyar 'ya'ya, ya kwashe dukiyarsa ya kai wa wata macen, a ƙarshe ya kori Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta. Shi kuwa dukiyar ta watse, wadda ya yi dominta ta juya masa baya.

A wannan mako mata ne suka fi magana, maza suka fi yin shiru. Kada wani ya ce ai wannan zancen gidan masu mata da yawa ne, bai shafe mu ba. A cikin ikkilisiya ma akwai maigidan da yakan buɗe rumbu tun watan Fabrairu ya sayar da hatsi don ya sauya babur ko waya, ya bar matarsa ta ciyar da gida da kuɗin ƙuliƙuli da daddawa har damina. Ran Lahadi kuwa yana kan bencin gaba. Bulus ya gaya wa Timoti, a wasiƙarsa ta fari sura 5 aya 8, cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya musunci bangaskiya. Karin Magana 17 kuma, wadda muka karanta ranar 17, ta fifita gidan da ake cin ɗan abin da ya samu cikin salama a kan gidan da ake yanka kullum ana faɗa. Abin da Natan ya yi wa Dawuda, shi wannan littafi ya yi wa waɗansunmu.

Duk da haka akwai littafin da bai kamata ya kwana a gidan mai bi ba. A Afisa, waɗanda suka tuba daga sihiri sun tattaro littattafansu suka ƙone a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, kamar yadda Ayyukan Manzanni 19:19 ya nuna. Iyayenmu da suka fito daga tsafi sun yi irin wannan da layu da kayan bori. Littafin da yake koyar da asiri, ko yake hura wutar sha'awa, ko yake sa ka ƙi maƙwabcinka saboda addininsa ko kabilarsa, ajiye shi, ko a takarda yake ko a waya. Kai saurayi, ke budurwa, ga gwaji mai sauƙi: in ba za ka iya karanta shi da ƙarfi a gaban Baba da Inna ba, to ka riga ka san amsar.

MAKO NA HUƊU: MABUƊIN DA YAKE A ƘIRJI

Kwanaki goma na ƙarshe muka ba littafin John Bunyan mai suna Pilgrim's Progress. Mai jin Turanci a cikinmu yana karantawa yana juyawa da Hausa. Bunyan mutumin Ingila ne, mai gyaran tukwane, ba shi da zurfin makaranta. A 1660 aka ɗaure shi a garin Bedford saboda yana wa'azi ba da izinin hukuma ba. Da ya yarda ya daina, da an sake shi, ga shi kuwa yana da iyali, har da 'yarsa makauniya. Ya ƙi, ya yi shekara 12 a kurkuku. Littafin ya fito a 1678, an kuma juya shi cikin harsuna fiye da 200.

Labarin wani mutum ne mai suna Kirista, wanda ya bar Birnin Hallaka da kaya mai nauyi a bayansa ya nufi Birnin Sama. Ya faɗa cikin taɓo, aka fitar da shi. Da ya iso gindin gicciye, kayan ya kwance da kansa ya gangara cikin kabari. Ya ratsa wata babbar kasuwa inda ake sayar da kowane irin abin banza, a can aka kashe abokin tafiyarsa saboda shaidarsa. Daga baya shi da wani abokin suka ga hanya ta yi tsauri, suka ratse suka bi ta wata makiyaya mai laushi, sai wani ƙato mai suna Fid da Zuciya ya kama su ya kulle a gidansa. Tun daga safiyar Laraba har daren Asabar suna cikin duhu, ba ci ba sha, ana dūkansu, ƙaton yana ba su shawara su kashe kansu su huta. Da tsakar daren Asabar suka fara addu'a. Gab da asuba sai Kirista ya tuna ashe yana da wani mabuɗi a ƙirjinsa mai suna Alkawari. Ya fito da shi, ya buɗe kowace ƙofa, suka fita.

A nan ne muka ga amfanin dukan karatun watan. Ba a cikin kurkuku Kirista ya ƙera mabuɗin ba. Yana da shi tun kafin a kama shi. Ranar da ruwa ya ɗauke bayan an yi shuka, ranar da yaro ya kwanta ba kuɗin asibiti, ranar da aka ce ka bar Yesu ko ka bar gidan nan, ba ranar ce za ka fara neman alkawaran Allah ba. Abin da ka zuba da rani shi za ka tarar. Ranar 24 muka karanta a Karin Magana 24 cewa adali ko ya fāɗi sau bakwai yakan tashi. Abin da yake tashe shi kuwa shi ne maganar da ya riga ya ajiye a zuciya.

Littattafan nan duka sun taimake mu. Imam ya nuna mana ƙarfin magana, Tafawa Ɓalewa ya nuna mana haƙuri, John Tafida ya nuna mana ƙarshen ramuwa, Hajiya Balaraba ta nuna mana hakkin iyali. Sun iya nuna ciwo, wani lokaci har su taɓa daidai inda yake mana zafi. Amma wanda yake ɗauke kaya daga bayan mai zunubi ɗaya ne, shi ne Yesu Kristi wanda ya mutu dominmu ya kuma tashi. Shi ya sa safiya ta Littafi Mai Tsarki ce, sauran littattafai kuma su jira dare.

ABIN DA MUKE ROƘONKU

Akwai wani abu da yake damunmu. Likita Walter Miller da abokan aikinsa sun yi shekaru masu yawa suna fama kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Masu bi na fari a ƙasar nan sun koyi karatu da girmansu, waɗansu a asibitin kutare na Yadakunya, waɗansu a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa, waɗansu a ajin yaƙi da jahilci a ƙarƙashin itace, domin kawai su karanta Maganar Allah da idonsu. Yau kuwa a gidaje da dama kaka tana karanta Zabura ba tuntuɓe, jikanta da ya gama firamare yana in'ina a kan aya guda. In yaro bai iya karanta Hausa ba, Turancin ma bai zauna ba, to an rufe masa Littafin da aka sha wuya aka buɗe wa kakanninsa. Yaro kuwa ba ya koyon karatu da abin da yake gundurarsa. Da labari mai daɗi harshensa yake saki.

Saboda haka ga roƙonmu. Kafin a fara sharar gona akwai sauran lokaci, watan Maris ma kwana 31 ne. Kowane gida ya ɗauki sura guda ta Karin Magana da safe, da rabin sa'a na wani littafi da dare. Fitila mai cajin rana ta isa. Baba, in ba ka iya karatu ba, ba abin kunya ba ne: sa ɗanka ko 'yarka su karanta, kai kuma ka yi tambaya, gama kai ka san duniya. In an gama labari a tambaya, wa aka yaba a ciki, me ya sa, Maganar Allah kuma me ta ce a kai? Dattawan ikkilisiya, ku sami akwati guda mai makulli a majami'a, kowane gida ya kawo tiyar wake ko ta gyaɗa a sayar a sayi littattafai, a riƙa ba da aro ana rubuta suna. Zumuntar Mata, ku da kuka riƙe ajin karatu shekara da shekaru, kada ku bar shi ya mutu. Malaman Makarantar Lahadi, ku ba kowane yaro dama ya karanta ko da aya ɗaya ce da bakinsa. Ku samari masu tafiya cin rani Kano ko Legas, in kuna ɗaura kaya ku tuna da abin da Bulus ya roƙa: rigar sanyi, da littafi.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin ka ba mu Maganarka cikin harshenmu. Mun gode domin waɗanda suka sha wahala suka koya wa iyayenmu karatu, da dukan waɗanda ka ba su baiwar rubutu. Ka ba mu marmarin karatu, ka ba mu Ruhunka Mai Tsarki domin mu rarrabe mai kyau da marar kyau. Ka buɗe idon 'ya'yanmu su karanta, ka buɗe zuciyarsu su gaskata. Wanda yake cikin duhun fid da zuciya a wannan dare, ka tuna masa da alkawaranka. Ka tsare waɗanda suka tafi cin rani, ka komo da su lafiya, ka kuma ba mu damina mai albarka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa in Ubangiji ya bar mu da rai. Alherin Ubangijinmu Yesu ya kasance tare da ku duka. Ku huta lafiya.